BABI NA HUƊU: TAURARON DA YA BAR UBANGIDANSA A LABARIN BLACK CAT

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda labaran zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira manga, suka shigo hannun matasa a Talata Mafara da Bakura da Maradun, wato ta wayar hannu da shagunan masu tura fina-finai, ba ta kantin littattafai ba. A wannan babi za a ɗauki ɗaya daga cikinsu, Black Cat na Kentaro Yabuki, a yi nazarinsa ta fuskar tauraro da jigo, sannan a auna shi da ma'aunin da muke da shi a gida, wato Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara da Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa.

Mai yiwuwa ne a tambaya, me ya haɗa Sashen Hausa da labarin Japanawa? Amsa ta farko ita ce aro ba baƙon abu ba ne a rubutaccen adabinmu. Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu rigar gida. Iliya kuwa asalinsa jarumin Rasha ne, Ilya Muromets, kuma Sarki Waldima da birnin Kib ba kowa ba ne illa Vladimir da Kiev. Bambancin kawai shi ne waɗancan malamai ne suka tace su kafin su iso ga yara, wannan kuwa ya iso ba tare da kowa ya tace shi ba. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Sana'ar tauraron wannan labari ita ce kama mutanen da hukuma ta sa lada a kansu, kuma mai karatu a Zamfara ba a littafi ya fara jin an sa kuɗi a kan mutum ba, a rediyo ya ji.

4.1 Labarin da Zubinsa

Yabuki ya fara fitar da Black Cat a mujallar mako-mako ta Shonen Jump a shekarar 2000, ya kammala a 2004, aka tattara shi cikin littattafai 20. Kamfanin Gonzo ya mayar da shi majigin zane wanda aka nuna a talabijin tsakanin 2005 da 2006. Fassarar Ingilishi ta littattafan aka yi amfani da ita a wannan nazari, domin majigin ya sauya abubuwa da dama, musamman ƙarshen labarin.

Tauraron labarin shi ne Train Heartnet, maraya wanda mutumin da ya kashe iyayensa shi ne ya rene shi, ya kuma koya masa harbi. Da ya girma sai ya shiga Chronos, wata ƙungiyar asiri da aka ce tana riƙe da kashi ɗaya bisa uku na tattalin arzikin duniya, wadda ke da zaratan makasa masu lamba, kowanne da makamin da aka ƙera masa. Train shi ne mai lamba 13, makaminsa bindiga ce mai suna Hades, laƙabinsa kuwa Baƙar Kyanwa. Yana cikin wannan aiki ya haɗu da wata budurwa, Saya Minatsuki, wadda ke cikin masu farautar masu laifi da lasisin hukuma. Labarin yana kiran masu wannan sana'a da sunan da ke nufin "masu shara", kuma da shi za a ci gaba da kiransu a nan. Zaman Saya cikin walwala, ba mai aikenta ba mai tsare ta, shi ya sa Train ya fara ƙin kashe waɗanda aka tura shi kashewa, har ya bar ƙungiyar. Abokin aikinsa Creed Diskenth, wanda ke ganin Saya ce ta lalata masa gwarzo, ya kashe ta. Daga nan Train ya zama mai shara tare da Sven Vollfied, tsohon jami'in binciken manyan laifuka, daga baya kuma wata yarinya mai suna Eve ta shigo cikinsu. Creed ya kafa tasa ƙungiya ta masu baiwar asiri domin ya rushe Chronos ya mallaki duniya, kuma karon da ke tsakaninsa da Train shi ne ƙashin bayan littattafan 20.

Ta fuskar zubi, marubucin bai fara daga farko ba. Ya buɗe labarin ne shekara biyu bayan Train ya bar Chronos, muka tarar da shi da Sven cikin talauci da bashi, suna bin ƙananan ɓarayi domin kuɗin abinci, sannan a hankali ya riƙa yin waiwaye yana nuna mana wane ne wannan saurayi mai son madara da barci. Ganɗoki ma da waiwaye aka gina shi, domin jarumin da bakinsa yake ba da labarin abin da ya wuce. Amma Ganɗoki yana ba da nasa ne da alfahari da kirari, shi kuwa Train ba ya son a tuna masa. Wannan bambanci ba na salo ba ne kawai. Ɗaya yana ganin abin da ya aikata da takobi abin yabo ne, ɗayan yana ganin abin da ya aikata da bindiga abin ɓoyewa ne.

Akwai kuma wani ɗan abin lura game da sunan. Lamba 13 da baƙar kyanwa duk camfin Turawa ne na rashin sa'a, wanda Bajapanen ya aro. Bahaushe bai san camfin 13 ba, amma baƙar kyanwa, ko mussa kamar yadda muke cewa a ƙasarmu, ya san ta, domin tun muna yara ake hana mu jifanta da dare wai ba a san ko wace ce a cikin fatar ba. Ke nan sunan ya fi tsoratarwa a kunnenmu fiye da yadda marubucin ya nufa.

4.2 Barin Ubangida

A tsarin zaman Hausawa na dauri jarumi ba ya zama haka kawai, sai a ƙarƙashin wani. Barde na sarki ne, dogari na sarki ne, ɗan baka da ɗan lifidi duk haka. Ubangida yana ba da doki da riga da abinci, wani lokaci har da mata, bara kuwa yana ba da biyayya da ransa. Wannan ita ce barantaka, kuma a kanta aka gina taurarin ƙagaggun labaranmu na jaruntaka. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa kowane jarumi ita ce, yaya ya rabu da ubangidansa?

Ganɗoki bai bar aiki ba, aikin ne ya bar shi. Mayaƙin Kwantagora ne a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, kuma sojojin Lugga sun ci Kwantagora a farkon 1901. Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, yana yaro aka yi wannan tashin hankali a ƙasarsu, shi ya sa kashin farko na littafin yake da ƙanshin tarihi na gaske. Da takobi ya kasa yin komai a gaban bindiga mai ruwa, sai marubucin ya ɗauke jaruminsa da ɗansa Garba Gagare ya kai su duniyar aljannu, inda takobi ke da sauran amfani, suka yi ta yaƙi suna musuluntarwa, har suka dawo gida suka tarar mulkin Turawa ya zauna. Ba a manta ba cewa littafin an rubuta shi ne domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934, wato Turawan da aka yaƙa a shafukan farko su ne alƙalan gasar. Duniyar aljannu a nan mafaka ce, ga jarumin da kuma ga marubucin.

Iliya kuwa ubangidansa ne ya zalunce shi. Bayan duk hidimar da ya yi wa Waldima, sarkin ya sa aka kulle shi, amma da abokan gaba suka taso wa Kib aka fito da shi, bai ce uffan ba ya hau dokinsa Ƙwalele ya kare birnin. Darasin a fili yake: ko sarki ya yi kuskure, bara ba ya juya wa gari baya.

Train ya saɓa wa duka biyun. Chronos ba ta faɗi ba, ba ta kuma zalunce shi ba, hasali ma ta fifita shi ta ba shi lamba da makami. Shi ne da kansa ya duba aikin ya ga ba zai iya ci gaba ba. A ma'aunin barantaka wannan butulci ne, kuma abin mamaki shi ne Creed, mugun labarin, kusan wannan ƙarar yake kai shi, cewa ya watsar da baiwarsa ya koma bin ɓarayin kaji. A ra'ayin mai wannan bincike, a nan ne Black Cat ya fi littattafanmu biyu zurfi. Ya yi tambayar da su ba su yi ba, wato idan aikin da ubangida ya sa ka shi kansa zalunci ne fa? Ganɗoki bai taɓa tsayawa ya yi wannan tambaya ba, alhali tarihi ya nuna cewa yawancin hare-haren Kwantagora kafin zuwan Turawa na kamun bayi ne a ƙauyukan Gwarawa da Kambari da maƙwabtansu. Idan aka kalle shi daga bakin waɗannan ƙauyuka, shi ma mafaraucin mutane ne, sai dai ladansa ganima ake kiransa.

Sai dai kuma Yabuki, bayan ya yi tambaya mai tsada, ya ba da amsa mai araha. Train ya daina kisa, ya sa ƙararrawa a wuya, ya koma wasa da dariya, shi ke nan an wuce wurin. Mutanen da ya kashe a shekarun da ya yi a Chronos ba su da wani fili na a zo a gani a cikin littattafan, balle matansu da 'ya'yansu. Jinin da labarin ya damu da shi ɗaya ne, na Saya, domin ita ce tauraron ya sani. Mai karatu da ya tashi a jihar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 ya sha jin malamai suna karantar da cewa tuba iri biyu ce. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa nadama da dainawa suna isa, amma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa sai an biya ko an yafe, kuma a sha'anin jini magadan mamaci ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafewa. A wannan ma'auni Train rabin tuba ya yi, kuma shi ya yanke wa kansa hukunci ya kuma sallami kansa.

Wannan ba gardamar aji ba ce kawai. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle, wanda ɗan Maradun ne, ta shiga sulhu da 'yan bindiga, kalmar "tubabbu" ta shiga bakin kowa. A 2020 aka yi shelar za a ba da shanu biyu ga duk wanda ya miƙa bindiga ƙirar AK-47. Ko mutum yana goyon bayan sulhun ko ba ya yi, tambayar da talaka ya riƙa yi a kasuwa ita ce wadda littafin ya tsallake: shi wanda aka kashe wa uba, wa ya tambaye shi ko ya yafe?

4.3 Asiri da Sharaɗinsa

Abin da ya fi jan hankalin matasa a labarin shi ne baiwar da taurarin ke faɗa da ita, kuma a nan kamanninsa da namu sun yi yawa. Mabiyan Creed suna samun ƙarfin da ake kira Tao ne ta hanyar shan wani haɗin magani. Wanda jikinsa ya karɓa sai wata baiwa ta fito masa daidai da halinsa, wanda bai karɓa ba ya mutu. Creed takobi ya samu wanda ido ba ya gani, wani ya samu sarrafa ƙwari, wata ta samu hura zafi, wata kuma buɗe ƙofa a sarari ta ɓulla inda take so. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan tauri a filin kalankuwa suna gasa wuƙa a ciki tana lanƙwashewa ya san cewa shi ma tauri ci ake yi a sha. Haka layar zana da baduhu da sagau da kau-da-bara, kowanne yana da takwaransa a shafukan Yabuki. Kamannin sunan Tao da tauri dai katari ne kawai, ba su haɗa asali ba.

Inda suka rabu shi ne wajen sharaɗi. A tunanin Bahaushe asiri ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da doka: kada ka ci kaza, kada ka kusanci kaza, kada ka fara zaluntar wanda bai taɓa ka ba, in ka karya ya karye. Ko Iliya, baƙin da suka tashe shi daga zaman gurguntaka sun lissafa masa waɗanda ba zai yi faɗa da su ba. Sharaɗin nan shi ne linzamin da al'umma ta sa wa mai ƙarfi, domin yana tuna masa cewa abin aro ne. A Black Cat masu Tao ba su da irin wannan linzami. In ka tsira daga shan maganin, baiwar taka ce, ka yi abin da ka ga dama. Mutum ɗaya ne baiwarsa ta yi kama da tamu, wato Sven. Idonsa na dama ba nasa ba ne, na abokin aikinsa ne da ya mutu wajen cetonsa, kuma da shi yake hango abin da zai faru nan da 'yan daƙiƙoƙi, amma duk lokacin da ya buɗe shi sai ya galabaita, shi ya sa yake rufe shi da ƙyalle. Baiwa ce mai bashi a kanta, kuma ba mamaki da ya zama shi ne mafi natsuwa a cikin taurarin. A ganina Sven ya fi Train cancantar a kira shi tauraron Bahaushe, ko da yake marubucin ya fi amfani da shi wajen ban dariya.

Sauran baiwar, irin ta Eve da wadda Creed ya ƙara wa kansa daga baya domin kada ya mutu, daga kimiyya suke, wato wasu ƙananan injuna da ake zuba wa jiki waɗanda ido ba ya gani. Marubucin ya cakuɗa boka da likita a tukunya ɗaya bai damu ya bambanta su ba, kuma labarin bai yi asarar komai ba saboda haka.

4.4 Wa Ke Rubuta Takardar Lada?

Babban jigon Black Cat shi ne 'yanci. Ana maimaita hoton kyanwar gida da kyanwar titi, wai Train ya bar zama na wani ya koma na kansa. Amma idan aka bi sana'ar masu shara a hankali za a ga 'yancin bai kai yadda ake faɗa ba. Mai shara ba ya zaɓar mai laifi. Hukuma ce ke buga takarda da hoto da adadin kuɗi, ita ke ba da lasisi, ita ke biya. Kuma labarin da kansa ya gaya mana cewa gwamnatocin wannan duniya a tafin hannun Chronos suke. Ke nan Train ya fita ta ƙofar gaba ya dawo ta ƙofar baya. Da yana da albashi, yanzu sai ya kawo kai a biya shi, amma mai nuna wanda za a bi bai sauya ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba zato ba ne wannan, domin kashin ƙarshe na labarin ya tabbatar da shi. Rundunar masu shara da ta afka wa tsibirin Creed, ɗaya daga cikin masu lambar Chronos ne ya ɓad da kama ya tara ta, domin su ɗauke hankalin abokan gaba yayin da ƙungiyar ke shirya nata harin. An yi amfani da su kamar karnukan farauta. Train ya ci nasara a kan Creed, ya kuma ƙi kashe shi, wanda shi ne ƙololuwar sauyin halinsa, amma da ƙura ta lafa Chronos tana nan daram, ba wanda ya tuhume ta. Marubucin ya ga wannan matsala, tunda shi ya zana ta, sai dai ya rasa yadda zai yi da ita a mujallar samari wadda kowane mako take bukatar sabon faɗa. Sai ya sa tauraron ya rataya bindiga ya kama hanya.

Ga mai karatu a Tokyo ƙila wannan giɓi ba zai dame shi ba, domin bai taɓa ganin takardar lada a kan wanda ya sani ba. Mu kuwa mun gani. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A watan Nuwamban 2022 Hedikwatar Tsaro ta fitar da sunayen mutum 19 da take nema, ta sa naira miliyan 5 a kan kowannensu, cikinsu har da Bello Turji da Ado Aleru da Halilu Sububu, wanda sojoji suka kashe a watan Satumban 2024. Shi Ado Aleru, watanni kaɗan kafin wannan sanarwa, a Yulin 2022, an naɗa shi Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoto, abin da ya jawo aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, rawani a hannu guda, takardar nema a ɗaya hannun. Wanda ya ga haka ba zai karanta labarin masu shara ya yarda cewa takardar lada ita ce ke raba mai laifi da mai gaskiya ba.

Haka kuma muna da namu masu sharar. Da farko 'yan banga ne da mafarauta da bindigar toka da layu a damtse, sannan 'yan sa-kai, sannan a Janairun 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, waɗanda aka ba horo da kaki da albashi. Ba wanda ya kwana a ƙauyen da ake jiran hari zai raina waɗannan mutane, domin sau da yawa su kaɗai ne ke tsakanin gari da daji, kuma da yawansu sun rasa rayukansu a kan haka. Amma masana irin su Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a muƙalar da ya gabatar a 2021, sun nuna cewa kashe Fulani ba tare da shari'a ba da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi, har a tsakiyar kasuwanni, yana cikin abubuwan da suka rura wutar. A Black Cat duk wanda masu shara suka bi mai laifi ne na gaske, kuma zanen fuskarsa ma yakan nuna hakan tun kafin ya yi magana. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace haɗari a littafin, ta fi ta takobin da ba a gani, domin yaro ya san takobin ƙarya ne amma bai san fuskar ƙarya ce ba.

Kada kuma a ɗauka cewa kaki da lasisi su ne maganin abin. Ƙananan hukumomin nan uku da wannan bincike ya shafa, aikin noman rani na Bakolori ne ya haɗa su, madatsar da aka gina a kan gulbin Sakkwato aka kammala a 1978. A watan Afrilun 1980 manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da dama. Waɗanda suka yi harbin suna da lamba da kaki da umurni daga sama, kamar dai Train kafin ya haɗu da Saya. Mu da aka haifa shekaru fiye da ashirin bayan abin, daga bakin tsofaffi muka ji shi, kuma har yau ƙasa-ƙasa suke yin maganar. Da na karanta wurin da Train ya sauke bindiga ya ƙi harbin wanda aka aike shi ya kashe, Bakolori ce ta faɗo mini a rai, na yi ta tunanin ko a cikin waɗanda aka tura ran nan akwai wanda ya ɗaga bakin bindigarsa sama. Wannan shafi shi ne mafi daraja a littattafan 20, kuma saboda shi ne ban yarda da masu cewa a hana yara karanta irin waɗannan labarai gaba ɗaya ba.

4.5 Matsayin Eve

Saura magana a kan yarinyar. Eve 'yar kimanin shekara 11 ce, wani dillalin makamai ne ya sa aka ƙirƙire ta domin ta zama makami, tana iya mayar da hannunta wuƙa, gashinta guduma. Sven ya cece ta, ya fara nuna mata cewa ita mutum ce, ta kama karatun littattafai ba ji ba gani. Da farko ya so ya bar ta a hannun wata tsohuwar abokiyar aikinsu domin ta yi rayuwa irin ta yara, ita kuwa ta nace sai ta bi su ta zama mai shara, daga baya ya yarda. Marubucin ya nuna wannan a matsayin girma da samun 'yanci, tunda yanzu da zaɓinta take faɗa kuma ba ta kisa.

Mai wannan bincike ya kasa karanta shi haka. Wanda ya ga hotunan yaran da ke rataye da bindigar da ta kusa fin su tsawo a dazuzzukanmu ya san cewa su ma in an tambaye su cewa za su yi da son ransu suka shiga. Ko Bello Kagara da ya sa Garba Gagare a bayan ubansa a fagen fama, ya yi haka ne a zamanin da ɗan barde ke gadon sirdi, kuma bai ce mana ceto yaron aka yi ba. Yabuki kuwa ya ce an cece ta, sannan ya mayar da ita bakin daga, wannan karon da murmushi. Babi na biyar zai ɗora daga nan, ya duba Eve da Saya da Sephiria, shugabar masu lamba, tare da matan da ke cikin Ganɗoki, waɗanda yawancinsu a matsayin ladan yaƙi suka shigo labarin.